Slmgr da ospp: yadda na same su wajen sa lasisin Windows da cire shi ta baƙin allo

Jama'a salamu alaikum. Na daɗe ina son yin rubutu a kan wani ɗan abu da ke cikin kowace kwamfuta mai Windows amma mafi yawan mutane ba su ma san da zamansa ba, sunansa slmgr, shi ne ke duba lasisin Windows da sa shi da cire shi, sai ɗan uwansa ospp mai yi wa Office wannan aikin. Ni aikina gyaran kwamfuta ne da sa mata sistem, kuma zan iya cewa da wuya sati ya wuce ban taɓa shi ba, to shi ya sa na ga gara in faɗi yadda na same shi, inda ya burge ni da inda yake ba ni wahala, musamman yanzu da mutane ke ta canza kwamfuta saboda maganar Windows 11.

Abin da ya sa na zauna yau ɗin ma wani Alhaji ne mai shagon buga takardu da fotokwafi a kusa da mu. Tunda Microsoft suka daina ba Windows 10 kariya ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalinsa bai kwanta ba, saboda takardun mutane yake riƙewa, na makaranta da na kwangila da sauransu. Tsohuwar HP ɗinsa kuma firosesanta i5 ne ƙarni na shida, Windows 11 kuwa a hukumance daga ƙarni na takwas take farawa a ɓangaren Intel kuma sai da TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, to ba yadda za a yi sai sabuwa. Ya sa aka haɗa masa sabuwar destof wadda ba Windows a cikinta, ya zo da su duka biyun a bayan mota, ya fito da wani ɗan kwali da ya ajiye shekara da shekaru, na Windows 10 Pro da ya saya da kuɗinsa, da katin lambar lasisin a ciki. Ya ce min, ɗana wannan kuɗi na sa a kai, ba na son in sake saye, za a iya ɗauke ta daga waccan a mayar nan? Tsohuwar kuma ɗan ƙanwata zan ba.

Na ce Alhaji bari mu tambayi kwamfutar da kanta tukuna.

Nan ne aikin slmgr ya fara. Shi ba manhaja ba ce da za ka sauko da ita, ɗan fayil ne mai suna slmgr.vbs da ke zaune a C:\Windows\System32 tun zamanin Windows Vista, kuma har Windows 11 yana nan bai canza hali ba. Za ka danna Start ka rubuta cmd, sai ka danna dama a kansa ka zaɓi Run as administrator, baƙin allon nan ya buɗe. Wannan na administrator ɗin kar a raina shi, idan ka buɗe haka kawai to kallo za ka iya yi amma duk umarnin da zai canza wani abu zai dawo maka da 0xC004F025, ma'ana ba a ba ka izini ba. Yarana na shago kusan kowanne sai da wannan lamba ta tare shi a satin farko, ya zo yana cewa Oga lambar ta ƙi shiga, alhali lambar lafiyarta lau.

Umarnin farko da nake bugawa a kowace kwamfuta da aka ajiye min a tebur shi ne slmgr /dli. Wallahi idan mutum wannan kaɗai ya koya daga rubutun nan ya ishe shi. Zai fito maka da ɗan akwati mai layuka kaɗan, sunan Windows ɗin ko Home ce ko Pro, haruffa biyar na ƙarshen lambar lasisin, ko tana Licensed ko a'a, sannan layin da na fi dubawa wato Description, don a nan ne zai gaya maka ta wace ƙofa lasisin ya shigo. Idan ka ga RETAIL to irin wanda mutum ya saya da kansa ne, nasa ne, yana da damar ɗauke shi ya kai wata kwamfutar muddin ya cire daga ta farkon. Idan ka ga OEM_DM to wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya sa ne, shi kuma auren zobe ne tsakaninsa da madabod ɗin kwamfutar, wato babban faifan da sauran kayan cikinta ke haɗe a kai, inda ta mutu nan ya mutu, ba ya tashi. Idan kuma ka ga VOLUME_MAK ko VOLUME_KMSCLIENT to na ma'aikatu ne da manyan kamfanoni da makarantu masu sayen lasisi da yawa lokaci ɗaya, kuma ganinsa a laftof ɗin ɗalibi ko na mai shago alama ce ta a tsaya a yi tambaya.

Ta Alhaji RETAIL ta nuna, kuma biyar ɗin ƙarshe sun yi daidai da na jikin katinsa. Na ce Alhamdulillah za ta tashi.

Kafin in taɓa komai sai da na ɗauki hoton katin da wayarsa, na kuma sa ya rubuta lambar a littafinsa na shago, haruffa 25 ne kashi biyar kowanne biyar-biyar. Dalili kuwa shi ne slmgr ba zai taɓa ba ka cikakkiyar lambar ba, biyar ɗin ƙarshe kawai yake nunawa ko da ka buga /dlv mai dogon bayani. Mutane da yawa suna zaton za su cire lamba sai ta fito musu a allo su kwafa, a'a, cirewa kawai yake yi. Wanda ya cire bai ajiye ta a wani wuri ba to ya shiga uku.

Cirewar kanta ba wuya, slmgr /upk ka danna Enter, daƙiƙa kaɗan akwati ya fito ya ce an cire. Sai ka bi shi da slmgr /cpky wanda ke goge lambar daga rajistiri, wato inda Windows ke adana saitunanta, don kar wanda ya gaji kwamfutar ya zo da 'yan manhajojin nan na tono lamba ya ciro ta. Shikenan, layi biyu. A sabuwar kuma bayan na sa Windows 11 Pro sai slmgr /ipk sannan tazara sannan lambar da 'yan sandunanta na tsakani, sai slmgr /ato don ta je ta yi magana da sabar Microsoft, wato babbar kwamfutarsu da ke tabbatar da lasisi ta intanet. Lambar Windows 10 Pro tana buɗe Windows 11 Pro, Home ma tana buɗe Home, wannan ba matsala.

To amma ga abin da nake son kowa ya riƙe, don shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, har da masu gyara 'yan uwana. Wannan /upk ɗin ba ya aika wa Microsoft saƙo cewa wane ya saki lambarsa. A cikin kwamfutar kaɗai yake aiki, ko ba intanet ma zai yi. Can wajensu har yanzu rubuce yake cewa lambar nan an yi amfani da ita a kan wancan ƙarfen. Shi ya sa da na buga /ato a sabuwar Alhaji sai ta dawo da 0xC004C008, wato lambar ta riga ta yi aiki a wata na'ura. Alhaji ya ɗan tsorata ya ce ko mun ɓata ta ne, na ce a'a Alhaji wannan an saba gani. Hanyar ita ce slmgr /dti ya ba ka wata doguwar lamba ta wannan kwamfutar, ka miƙa wa ɓangaren aktibeshan na Microsoft, ka tabbatar musu cewa a na'ura ɗaya kaɗai lasisin yake, su ba ka lambar tabbaci mai kashi takwas kowanne lamba shida, ka dawo ka buga slmgr /atp da ita a haɗe. Da muka gama na buga slmgr /xpr ya ce permanently activated, na juya masa allon ya gani da idonsa. Wanda kuma ya riga ya haɗa lasisinsa da akawun ɗinsa na Microsoft ya fi mu sauƙi, don tun 2016 akwai Activation troubleshooter a cikin Settings inda za ka ce na canza kayan na'urata, ka zaɓi tsohuwar daga jeri, lasisin ya dawo kan sabuwar. Alhaji bai taɓa buɗe akawun ba shi ya sa muka bi doguwar hanya, amma kafin ya tafi sai da na buɗe masa na haɗa.

Akwai kuma ɗaya gefen na wannan magana. Tun da Windows 10 ta fito a Yulin 2015 aka shigo da abin da suke kira digital license, wato sabar Microsoft tana haddace kamannin ƙarfen kwamfutarka, duk ranar da ka yi fomatin ka sake sa irin wannan Windows ɗin, da ta hau intanet za ta aktibet da kanta ba tare da ka buga ko harafi ɗaya ba. Abu ne mai daɗi sosai ga mai gyara. Amma ma'anarsa ita ce /upk da /cpky ba su goge wannan haddar ba, tsohuwar kwamfutar tana iya sake buɗewa da Pro idan aka sake sa mata Pro. Ni dai a ganina amana ce, tunda lasisin guda ɗaya aka saya kuma an kai shi sabuwa, bai kamata a bar shi yana aiki wuri biyu ba. Abin da na yi wa tsohuwar HP ɗin shi ne na duba ko tana da nata na gado. Tun daga Windows 8 a 2012 kamfanoni suka daina manna sitikar lamba a gindin kwamfuta irin ta zamanin Windows 7, suka koma dasa lambar a cikin BIOS, wato ɗan tsarin da ke jikin madabod mai tayar da kwamfuta kafin Windows. Za ka buɗe PowerShell, wani allon umarni irin cmd, ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey sai ta fito idan akwai. Da can wmic muke amfani da shi amma a sababbin Windows 11 an fara janye shi, gara a saba da na PowerShell ɗin. Ta Alhaji tana da lambar Windows 10 Home a ciki, ashe shi ya sa tun farko ya sayi Pro ya ɗora. Na yi mata fomatin, wajen instolin ma ba ta tambaye ni lamba ba, da kanta ta karanto ta BIOS ta sa Home ta buɗe. Yaron ya samu kwamfuta da lasisinta na halak, Alhaji ya tafi da nasa.

Wannan maganar ta lambar cikin BIOS ita ce ta fi ci min rai a harkar nan, bari in ba ku labarin wata ƙanwar abokina da ke karatu a jami'a. Ta sayi laftof na hannu irin waɗanda ake shigowa da su daga waje, wajen wani mai shago da ba zan kama suna ba, ya ce mata Windows orijina ce an aktibet har abada. Wata shida da 'yan kwanaki tana tsakiyar rubuta furojet sai rubutun nan na Activate Windows ya fito a ƙasan allo ta dama, ta kasa canza ko hoton bango. Ta koma wajensa ya ce sai ta ƙara kuɗi a sabunta. Yayanta ya ce ta kawo min. Ta zo ta ce Yaya don Allah duba min, ni ban san me na taɓa ba. Na ce ba abin da kika taɓa.

Slmgr /dli ya nuna VOLUME_KMSCLIENT, ƙarshen lambar kuma T83GX, wanda duk mai wannan aikin ya san ita ce lambar gama-gari ta Pro da ake sa wa kwamfutocin ma'aikata. Shi KMS tsari ne na gaskiya da aka yi wa kamfanoni, suna da sabarsu a cikin gida, kowace kwamfuta ta je ta gaishe ta a ba ta kwana 180, kuma duk bayan kwana bakwai tana ƙoƙarin komawa ta sabunta, to ma'aikaci ba ya ma sanin ana yi. Masu krak, wato masu buɗe Windows ba da lasisin gaskiya ba, sai suka ɗauki wannan tsarin suna nuna wa kwamfuta wata sabar bogi. Da na buga /dlv sai ga adireshin wata saba da ba wanda ya san mai ita, a rubuce a matsayin inda laftof ɗinta ke zuwa neman izini. Sabar ta daina amsawa, kwana 180 suka cika, shi ne rubutun ya fito. Da a ranar da za ta biya kuɗi an buga slmgr /xpr a gaban mai shagon, da ya nuna ranar da abin zai ƙare ƙarara, don lasisin dindindin ba ya nuna kwanan wata.

Abin takaicin shi ne da na duba BIOS ɗinta da PowerShell, sai ga lambar Windows 10 Pro ta asali lafiya lau tana kwance. Irin laftof ɗin ofis ne da kamfanonin waje ke sayarwa bayan sun gama da su, kuma da yawansu da lasisin Pro suke zuwa. Wato yarinyar nan tana da lasisi na halak tun ranar da ta saya, mai shagon ne ya ɗora mata irin Windows ɗin nan da suke kwafa wa kowace kwamfuta daga hard disk guda, mai krak a ciki, ya danne na gaskiyar, sannan yana neman ta biya shi kuɗin sabuntawa. Na buga slmgr /ckms na goge adireshin sabar bogin, na buga /upk, na sa ta BIOS da /ipk, na buga /ato, ko minti biyu ba a yi ba ta koma OEM_DM, Licensed. Duk da haka na ba ta shawara mu kwashe fayilolinta mu yi fomatin gaba ɗaya, don wanda ya sa maka krak ba ka san me kuma ya bari a ciki ba, galibi ma sai sun kashe Defender, mai gadin Windows daga bairos, kafin krak ɗin ya zauna. Ta yarda, muka yi washegari.

To kun ga dalilin da ya sa nake yabon wannan abu. Shafin Activation na cikin Settings zai ce maka Windows is activated ne kawai, ko kuma ya ƙara da cewa ta hanyar sabis na ma'aikatarku, wanda mutum ba zai gane me ake nufi ba. Slmgr kuwa ba ya rufa-rufa, zai faɗa maka iri, zai faɗa maka ranar ƙarewa, zai faɗa maka wace saba. Ba ya cin data in ban da /ato, ba ya buƙatar a sauko da komai, kuma umarnin da na koya a Windows 7 su ne dai nake bugawa yau. Hatta ƙarin kariyar Windows 10 da ake sayar wa kamfanoni bayan Oktoban 2025, wato ESU, da /ipk da /ato ake sa lambarta.

Amma fa yana da nasa halin da ba na so. Na farko /upk ba ya tambaya. Ba wani ka tabbata? ba komai, kana danna Enter ya cire. Kuma ku duba kibod ɗinku, U da I maƙwabtan juna ne, /upk da /ipk harafi ɗaya ya raba su, ɗaya na sawa ɗaya na cirewa. Ni dokar da na kafa wa yara a shago ita ce ba mai danna Enter a kan umarnin slmgr sai ya karanta layin da baki tukuna. Abu mai muhimmanci irin wannan ya kamata a ce yana da ko tambaya ɗaya.

Na biyu lambobin kuskurensa. Mutum yana cikin damuwa sai a jefo masa 0xC004F050, alhali abin da ake nufi kawai lambar ba daidai ba ce ko ba ta wannan Windows ɗin ba ce, wani lokaci B ne aka karanta a matsayin 8. 0xC004C003 kuma sabar ce ta ce an toshe lambar, wannan shi ke yawan faruwa da lambobin nan masu arha da ake tallarsu a intanet, waɗanda galibi MAK ne na wata ma'aikata aka sayar wa mutum ɗari, su yi aiki yau gobe a rufe. 0xC004F074 na nufin an nemi sabar KMS ba a same ta ba. 0xC004F069 kuma za ka gan shi idan ka yi ƙoƙarin cusa lambar Pro a kan Home da /ipk, don slmgr ba ya ɗaga Windows daga Home zuwa Pro, wannan aikin changepk ne ko Change product key na cikin Settings. Wanda ya fi yawa a wajenmu kuwa 0x80072F8F ne, kuma yawanci ba laifin lasisi ba ne sam, agogon kwamfutar ne ya ɓata. Tsofaffin destof ɗin nan ɗan batirin madabod ɗinsu CR2032 ya mutu, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, duk sanda aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya, sabar kuma ba za ta yarda ta yi magana da kwamfutar da agogonta ya kauce haka ba. Sau da yawa an kawo min kwamfuta wai lasisi ya lalace, in canza batiri in gyara agogo in buga /ato shikenan. Akwai dabarar da ke taimakawa, idan ka rubuta slui 0x2a sannan lambar kuskuren zai nuna maka bayaninta da kalmomi, sai dai da Turanci ne kuma Turancin ma na injiniyoyi.

Na uku yadda yake fito da amsa a ɗan akwati maimakon a cikin baƙin allon. Wani lokaci sai ka jira daƙiƙa goma ba ka ga komai ba ka zata bai yi ba ka sake bugawa, ashe akwatin ya ɓuya a bayan wata taga. Maganinsa ka rubuta cscript C:\Windows\System32\slmgr.vbs /dlv, sai amsar ta zubo a cikin allon kanta inda za ka iya kwafa. Ko kuma idan akwatin ya fito ka danna Ctrl da C, yana kwafe duk rubutun ciki ka liƙa a Notepad ko ka tura wa mai gyara ta WhatsApp, wannan mutane kaɗan ne suka sani.

Wani abin da ke ruɗa mutane kuma, idan kwamfutarka digital license gare ta, biyar ɗin ƙarshe da za ka gani ba naka ba ne na kanka. Pro yawanci 3V66T za ka gani, Home kuma 8HVX7, lambobin gama-gari ne da miliyoyin kwamfutoci ke ɗauke da su. Na sha ganin wanda ya sa manhajar tono lamba ta ciro masa irin wannan ya rubuta a takarda yana adanawa, ranar da ya kai ta wata kwamfutar ta ƙi buɗewa. Waɗanda kuma ke ajiye da tsofaffin lambobin Windows 7 da 8 suna jiran ranar amfani, tun Satumbar 2023 aka rufe wannan ƙofar, ba sa buɗe Windows 10 ko 11 a sabuwar na'ura yanzu. Shi kuma /rearm da wasu ke yaɗawa wai yana aktibet, ba ya yi, lokacin gwaji kawai yake mayarwa farko kuma adadinsa ƙidayayye ne, /dlv na nuna saura nawa.

Office kuma nata daban ne, slmgr ba shi ne ɗan aikenta ba, ita ospp.vbs gare ta. Gaskiya wannan bai kai slmgr daɗin aiki ba. Dole sai ka shiga fodarsa da cd tukuna, C:\Program Files\Microsoft Office\Office16, wani lokaci yana cikin root\Office16, idan kuma Office ɗin 32-bit ce a kan Windows 64-bit to Program Files (x86) za ka nufa, kuma 2016 da 2019 da 2021 duk Office16 ake kiran fodarsu wanda shi ma kan sa mutum ya yi ta neman Office19 da babu ita. Sannan dole ka fara da cscript, sannan tsarin rubutun ya bambanta, a nan digo biyu ake sawa ba tazara ba. Cscript ospp.vbs /dstatus zai jero duk lasisin da ke ciki da biyar ɗin ƙarshen kowanne, /unpkey: da waɗannan biyar ɗin a manne zai cire wanda ka zaɓa, /inpkey: da cikakkiyar lamba zai sa sabo, /act ya aktibet. Inda ya fi amfani shi ne kwamfutar da aka sha sa mata Office kala-kala, ka ga mutum ya sayi lasisi na gaskiya ya sa amma Word na ta nuna masa jan layi a sama wai Product Activation Failed, in ka buga /dstatus sai ka tarar da lasisi uku a jere, ragowar na gwaji da ragowar krak da na gaskiyar, Office ɗin ta rasa wanne za ta bi. Ka cire biyun da /unpkey ɗaya bayan ɗaya ka rufe Word ka sake buɗewa, jan layin ya tafi. A nan kam ospp ya fi slmgr hankali ta gefe guda, tunda ba zai cire komai ba sai ka faɗa masa wanne. Masu Microsoft 365 na biyan wata-wata ko shekara su kuma lasisinsu a jikin akawun yake, ospp ba zai nuna musu abin kirki ba, fita daga akawun da sake shiga shi ne nasu.

Abu ɗaya da nake sa ido a kai, slmgr da ospp duk da VBScript aka rubuta su, wani tsohon yaren rubuta umarni na Microsoft, kuma tun Oktoban 2023 Microsoft suka sanar cewa za su yi ritayar VBScript a hankali. A Windows 11 24H2 ya riga ya koma cikin abubuwan zaɓi, yana kunne dai tukuna, amma idan wani ya cire shi daga Optional features ko kuma aka sa maka irin Windows ɗin nan da aka rage wa kaya don ta yi sauri, za ka buga slmgr ka ga ba abin da ya motsa. Na taɓa cin karo da guda ɗaya haka, sai da na mayar da VBScript ɗin sannan ya yi magana.

Idan za a ce in ba shi maki, slmgr zan ba shi takwas cikin goma, biyun da na rage na rashin tambaya kafin cirewa ne da lambobin kuskuren nan. Ospp shida, saboda wahalar nemo shi. Wanda zai je sayen laftof na hannu a satin nan, ya ce wa mai shago ya buɗe cmd a gabansa ya buga slmgr /dli da slmgr /xpr kafin a ƙirga kuɗi, in ya ga VOLUME ko ya ga kwanan wata ya sa a duba masa lambar BIOS a wurin. Alhaji ma jiya ya aiko yaronsa da laftof ɗin babbar 'yarsa wai a duba masa ita ma wane iri ce, na duba, OEM_DM ce, na ce a gaya masa wannan ba ta tashi amma lafiyarta ƙalau.